Magani da Illarsa: Tarihin Magungunan Danne Cuta Mai Karya Garkuwar Jiki a Ƙasar Dutse

Magungunan da ke danne ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki ba su daɗe da shigowa ƙasar Hausa ba, domin duka-duka shekarunsu ashirin ne da 'yan kai, amma a cikin wannan ɗan lokaci an sauya haɗin da ake ba manya har sau uku, kuma a kowane sauyi ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne illar da haɗin baya ke yi wa jikin mai shansa. Abin da ake nufi da illar magani shi ne duk wata cutarwa ko rashin jin daɗi da magani ya haifar alhali an sha shi bisa ƙa'ida, kama daga tashin zuciya mai wucewa cikin kwanaki har zuwa lalacewar hanta ko ƙoda. A ƙasar Dutse, nauyin wannan illa bai tsaya ga sinadarin da ke cikin ƙwayar magani kaɗai ba, domin ya danganta da farashin da hukuma za ta iya biya, da nisan majinyaci daga ɗakin gwajin jini, da kuma ko illar ta ɓoyu a cikin jiki ko ta fito fili inda dangi da maƙwabta za su gani su yi mata fassara.

An tabbatar da ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, shekara 5 bayan likitocin Amurka sun fara bayyana ta, kuma lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991 aka mai da Dutse babban birninta, babu wani magani da talaka zai iya samu. A wannan shekarar ne binciken farko da aka yi a kan mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 1.8 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayar cutar a faɗin ƙasa, adadin da ya haura zuwa kashi 5.8 a 2001. Dutse ta wancan zamani ƙaramin gari ce a gindin duwatsu, mai lambunan dabino da ofisoshin gwamnati da ake kan ginawa, kuma duk wanda ciwo ya ci ƙarfinsa a Kiyawa ko Jahun ko Gwaram, Kano yake nufa. Abin da jama'a suka sani game da cutar shi ne abin da idonsu ya nuna musu, wato rama mai tsanani da gudawa da tari da ƙuraje, shi ya sa aka yi mata laƙabi da kabari kusa, kuma tun daga nan rama ta zama abin tuhuma ga duk baligin da ya daɗe yana jinya. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa Jigawa da Katsina su ne mafi ƙarancin masu cutar, da kimanin kashi 0.3 cikin 100, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 1.4 ne. Wannan ƙaranci alheri ne ga jiha, amma yana ƙara wa mai ɗauke da cutar kaɗaici, domin a inda masu ita ba su da yawa, rufin asiri kan zama abin da majinyaci ya fi tsarewa bayan ransa.

Ƙwayar cutar tana shiga wasu ƙwayoyin jini masu tsaron jiki da ake kira CD4, ta yi amfani da wasu sinadarai nata wajen kwafar kanta da dasa iri a cikinsu, kuma aikin magungunan shi ne toshe waɗannan sinadarai. Ba sa kawar da cutar daga jiki, sai dai su hana ta hayayyafa, saboda haka shan su na har abada ne, kuma illar da za a iya jurewa a maganin kwana 5 tana zama wani abu dabam a maganin da za a sha shekara 30. Na farko a cikinsu, zidobudin, wanda aka fi sani da AZT, an haɗa shi ne tun 1964 da nufin maganin ciwon daji, aka amince da shi a Amurka a 1987, kuma a farko ana shan sa duk bayan awa 4 dare da rana, a adadin da ya ninka na yau, har da yawa daga masu shansa sai da aka riƙa yi musu ƙarin jini. Sai a 1996, a taron birnin Bankuba na Kanada, aka tabbatar wa duniya cewa haɗa magunguna 3 a lokaci guda yana danne cutar sosai, amma kuɗin haɗin ya haura dala 10,000 a shekara.

Ƙofa ta buɗe wa Afirka ne a 2001, lokacin da kamfanin Cipla na Indiya, ƙarƙashin Yusuf Hamied, ya yi tayin sayar da haɗin magunguna 3 a kan dala 350 a shekara. A Afrilun wannan shekarar shugabannin Afirka suka yi taro a Abuja kan cutar, sannan a 2002 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fara shirin ba da magani ga manya 10,000 da yara 5,000 a cibiyoyi 25, akasarinsu manyan asibitocin tarayya, inda majinyaci ke biyan naira 1,000 a wata. Tallafin Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, da shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka wanda ya soma aiki a Nijeriya a 2004, su suka faɗaɗa shirin, har aka mai da maganin kyauta daga 2006. A shekarun da suka biyo baya ne aka kai shi asibitocin jihohi, mutanen tsakiyar Jigawa suka fara karɓa a Babban Asibitin Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, daga baya kuma asibitin Rasheed Shekoni, maimakon doguwar tafiya zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Maganin ya iso ne a lokacin da zukatan jama'ar yankin ba su natsu da maganin Turawa ba, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba, ga kuma ƙaurace wa rigakafin shan inna da aka yi a 2003 zuwa 2004. A irin wannan yanayi, ƙurji ɗaya da magani ya fitar wa mutum ya isa ya zama hujja a bakin masu cewa akwai wata manufa a ɓoye.

Haɗin farko ya ƙunshi sitabudin da lamibudin da nebirafin a ƙwaya guda da ake sha safe da yamma, kuma an zaɓe shi ne saboda arha da sauƙin ajiya, da kuma cewa ba ya buƙatar gwajin jini mai yawa kafin a fara. Tasirinsa a watannin farko abin mamaki ne, domin mutanen da aka kawo asibiti ranga-ranga sukan miƙe su koma gona da kasuwa. Illar nebirafin ita ce ke fara bayyana, galibi cikin makonni 6 na farko, ta hanyar ƙuraje masu ƙaiƙayi, waɗanda a wasu 'yan tsiraru kan rikiɗe su zama saɓulewar fata da gyambon baki da idanu, lalurar da kan yi kisa idan ba a tsayar da maganin nan take ba. Yana kuma iya taɓa hanta, ido ya yi ɗorawa kamar na mai shawara, musamman ga matan da ƙwayoyin CD4 ɗinsu suka haura 250 da mazan da nasu suka haura 400. Dalilin haka ne aka kafa ƙa'idar fara shi da rabin adadi, sau ɗaya a rana har kwana 14, sannan majinyaci ya dawo a duba fatarsa da idonsa kafin a cika masa. Ƙa'idar mai sauƙi ce a rubuce, amma ga mutumin ƙauye da ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota, dawowa bayan mako 2 ba ƙaramin abu ba ne, kuma da yawa idan suka ga ido ya sauya launi, wurin mai maganin shawara suke fara zuwa.

Illar sitabudin kuwa a hankali take tafe, bayan wata 6 ko shekara, kuma ita ce ta fi barin tabo. Maganin yana lalata wasu ƙananan sassa na cikin ƙwayoyin halittar jiki masu samar musu da ƙarfi, waɗanda masana ke kira mitokondiriya, sakamakon haka jijiyoyin ƙafa kan raunana, mutum ya riƙa jin tafin ƙafarsa yana zafi da dare ko yana tsira kamar an caka allura, daga baya ya mutu murus har takalmi ya fita bai sani ba. Ga manomi ko ɗan acaɓa ko matar da ke tafiya rijiya, wannan nakasa ce ta neman abinci, kuma sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin ciwon sanyi, a yi ta shan jiƙe-jiƙe. Wasu kuma, musamman mata masu jiki, tsami kan taru a jininsu, ya zo da amai da haki da kasala, abin da kan kai ga mutuwa cikin gaggawa. Amma illar da ta fi shafar zaman jama'a ita ce narkewar kitsen ƙarƙashin fata, inda kumatu ke zurmawa, hannuwa da ƙafafu su sirance jijiyoyi su fito raɗa-raɗa, wani lokaci ciki ya turo. Ma'ana, mutumin da gwaji ya nuna cutarsa ta kwanta, sai fuskarsa ta koma irin wadda jama'a suka sani ta mai ƙanjamau, kuma ko an sauya magani kitsen ba ya cika dawowa. Binciken da masaniyar zamantakewa Kathryn Rhine ta yi shekaru a tsakanin matan Kano, wanda ta wallafa a littafi a 2016, ya nuna yadda kyan jiki da sutura suka zama garkuwar da mace mai ɗauke da cutar ke kare mutuncinta da aurenta da su. A gidan da akwai kishiya da surukai, zurmawar kumatu ta fi ƙarfin a ɓoye ta kamar yadda ake juye ƙwayoyi a wata roba a jefar da kwalin.

Ƙasashe masu arziki sun ja baya daga sitabudin tun tsakiyar shekarun 2000, amma Afirka ta ci gaba da shi bisa hujjar cewa da babu gara ba daɗi, domin abin da za a maye gurbinsa da shi ya fi shi tsada nesa ba kusa ba, ga kuma dubban mutane suna jiran layi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara da rage adadinsa daga miligiram 40 zuwa 30, sannan a ƙarshen 2009 ta ba da shawarar a janye shi a hankali, Nijeriya kuma ta bi wannan shawara a ƙa'idojinta na 2010.

Da yawa daga waɗanda aka cire daga sitabudin, zidobudin aka mayar da su, wanda babbar illarsa ita ce danne ɓargo, inda jiki ke ƙera jini. Wannan ya faɗo ne a kan jama'ar da ƙarancin jini ya riga ya yi wa katutu, saboda zazzaɓin cizon sauro na damina da tsutsar ciki da haihuwa a kai a kai da ƙarancin abinci mai gina jiki, ban da masu amosanin jini. Ma'aikacin asibiti kan ja fatar idon majinyaci ta ƙasa ya duba ko ta yi fari, ya juya tafin hannunsa, ya tambaye shi ko yana haki idan ya yi 'yar tafiya, sannan ya tura shi awon yawan jini, musamman a watanni 6 na farko. Maganin kan kuma sa farce ya yi duhu, alamar da ba ta da haɗari amma tana jawo tambaya.

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita haɗin tenofobir da lamibudin da efabirens, ƙwaya guda a rana, kuma wannan ne haɗin da aka yi amfani da shi lokacin da Nijeriya ta karɓi tsarin fara magani ga duk wanda gwaji ya nuna yana da cutar a 2016, ba tare da jiran garkuwarsa ta faɗi ba. Illar efabirens a ƙwaƙwalwa take, wato jiri da jin kai kamar na mai maye da rashin barci da mafarkai masu firgitarwa, a wasu kuma har da baƙin ciki mai tsanani ko ruɗewa, shi ya sa ake umartar a sha shi dab da kwanciya kuma a guji haɗa shi da abinci mai maiƙo, wanda ke ƙara yawan shigarsa jini. Bincike ya nuna cewa wani bambancin gado da ke sa hanta jinkirin narkar da maganin ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka, saboda haka illar takan fi tsanani a gare su. Ko da yake galibi takan lafa cikin mako 2 zuwa 4, a al'ummar da mugun mafarki da firgita ke da tsayayyar fassara ta iska ko sammu, wanda ba a yi wa bayani tun farko ba yana iya ajiye maganin ya nufi wurin ruƙiyya, kuma ajiye irin wannan magani na 'yan makonni kan ba ƙwayar cutar damar bijire masa gaba ɗaya. Tenofobir kuwa ɓarnarsa ba ta da alama a farko, domin ƙoda yake taɓawa a wasu mutane, yana kuma rage ƙarfin ƙashi, kuma gwajin jini da fitsari ne kaɗai ke tona shi. Wannan abin lura ne a jihar da zafin bazara kan haura maki 40, inda ake sayen magungunan ciwon jiki a kemis ba tare da takardar likita ba, kuma aka daɗe ana kokawa da yawaitar ciwon ƙoda a yankin Haɗejiya. A ɗaya ɓangaren, tenofobir yana danne ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda binciken 2018 ya samu a jikin kimanin kashi 8 cikin 100 na manyan Nijeriya, sai dai dakatar da shi kwatsam kan sa ciwon hantar ya taso da ƙarfi.

Azumin Ramadan ma yana da nasa babi a wannan tarihi. Lokacin da magani na safe da yamma ne, masu azumi sukan mayar da shi sahur da buɗa-baki, tazarar da ke tsakani ta zama ba daidai ba, kuma duk da rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya, da yawa ba sa ajiye azumi saboda jikinsu ya warware, ko kuma don kada a tambaye su dalili. Wani bincike da Farfesa Abdulrazaƙ Habib da abokan aikinsa na Asibitin Aminu Kano suka wallafa a 2009 ya nuna cewa masu azumin ba su yi sakaci da maganinsu ba, lokacin shansa kawai suka sauya. Zuwan ƙwaya guda a rana ya sauƙaƙa lamarin, abin da ya rage shi ne jan hankali ga shan ruwa isasshe da dare.

Sauyi na uku ya zo da dolutegirabir, wanda ke hana ƙwayar cutar dasa irinta a cikin ƙwayar jini, ya fi saurin danne ta, kuma ba ta cika bijire masa ba. Nijeriya na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada shi a 2017, shekarar da aka cimma yarjejeniyar sayar da haɗinsa da tenofobir da lamibudin, wanda ma'aikatan lafiya ke kira TLD, a kan kimanin dala 75 a shekara. A Mayun 2018 wani bincike a Botsuwana ya samu jarirai 4 cikin 426 da aka ɗauki cikinsu iyayensu na shan maganin an haife su da naƙasar laka ko ƙwaƙwalwa, sai ƙasashe da dama suka dakatar da ba matan da ke shekarun haihuwa, suka bar su a kan efabirens da jirinsa. Ƙungiyoyin matan Afirka masu ɗauke da cutar suka nemi a ba su bayani a bar musu zaɓi, kuma da aka tara ƙarin alƙaluma sai haɗarin ya yi ƙasa ƙwarai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga kowa a Yulin 2019. Illolinsa na kusa ba su da yawa, ciwon kai ne da rashin barci, wanda kan sa a mayar da shansa da safe. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu ciki da magungunan ƙwannafi suna rage shigarsa jiki idan an haɗa su a ciki wayam, mai shan maganin tarin fuka kuma sai an ƙara masa ƙwaya ta biyu. Babban abin da binciken da aka yi kan maganin a Johannesbag da Yawunde ya gano a 2019 shi ne ƙaruwar ƙiba, musamman ga mata. A ƙasar da ake yi wa wanda ya yi jiki barka, kuma rama ce abin zargi, wannan illa ce da majinyaci ke maraba da ita, ba ya kai ƙararta asibiti, alhali tana iya zama mafarin hawan jini da ciwon suga.

Sanin duk waɗannan illoli ya dogara ne ga rahoto. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, a zamanin shugabarta Dora Akunyili, ta kafa cibiyar sa ido kan illolin magunguna a 2004, shekarar da Nijeriya ta shiga shirin duniya na irin wannan sa ido mai cibiya a Ufsala ta ƙasar Suwidin, kuma ta samar da wata takarda mai ruwan ɗorawa da likita ko mai harhaɗa magunguna ke cikewa idan majinyaci ya kawo kuka, a rubuta sunan maganin da ranar farawa da abin da ya faru da matakin da aka ɗauka. Shirin ƙanjamau na cikin waɗanda suka fi cika wannan takarda, amma abin da majinyaci bai faɗa ba ba ya shiga lissafi. Daga wajajen 2014 masu ba da tallafi suka rage biyan kuɗin gwajin ƙoda da hanta da yawan jini, ya zamana maganin kyauta ne amma awon illarsa na kuɗi, kuma tun zamanin annobar korona a 2020 aka faɗaɗa tsarin ba da maganin wata 3 zuwa 6 a lokaci guda, wanda ya rage wahalar zirga-zirga ga 'yan cin rani da mutanen ƙauye, amma ya rage yawan haɗuwarsu da ma'aikacin lafiya. Dakatar da tallafin ƙasashen waje da gwamnatin Amurka ta yi a Janairun 2025 ta sake nuna cewa shirin ya jingina ne da kuɗin da ba na gida ba. Waɗanda suka fara magani a Dutse da Birnin Kudu suna matasa, yanzu da yawansu sun haura shekara 50, wasu da ragowar ciwon ƙafa na zamanin sitabudin, kuma abin da lafiyarsu ke buƙata daga hukumar yaƙi da cutar ta jiha da asibitocinta shi ne a auna musu hawan jini da suga da aikin ƙoda a ranar da suka zo karɓar magani, a ɗaki guda, bisa kasafin da jiha da tarayya za su iya ɗauka ko tallafi ya zo ko bai zo ba.